Masinja Mai Wanke Saƙo

A hoton ranar samun 'yancin kai, wanda aka taɓa saukewa daga bangon ofisoshi aka kuma sake ratayawa, mutum biyu ne a gaba sun ɗaga hannun juna sama: Lauya, dogo mai tabarau, da Hedimasta, gajere mai sanƙo. Kowa ya san su. Amma in ka matsa kusa ka duba bayan kafaɗar Lauya, za ka ga rabin fuska da hannu ɗaya riƙe da laima. To, mai rabin fuskar nan shi ne Masinja, kuma labarinsa zan ba ku. Na gaji da jin masu digiri suna ta zuba bayani kan abin da ya raba manyan nan biyu, alhali ba wanda ya taɓa tambayar mutumin da ya ƙarar da takalma a tsakanin ƙofofinsu.

Shi ba ɗan boko ba ne. Tun zamanin 'yan mulkin mallaka ya samu aiki a gidan yari, ba gandiroba ba, masinja kawai: kai takarda, ɗauko fayil, a aike shi nan a aike shi can. Yana wannan aikin aka kawo Lauya da Hedimasta bisa laifin tunzura jama'a, aka sa ɗaya a kurkukun gabas, ɗaya a na yamma, don kada su ga juna. Takarda ba ta wucewa, ana caje har hula. Amma ba a caje baki. Sai Masinja ya zama shi ne wasiƙar, ya haddace a nan ya juye a can.

A wata na bakwai Lauya ya karaya. An kawo masa takardar tuba, aka ce in ya sa hannu gobe ya kwana gida. Ya kira Masinja ta tagar ƙarfe, murya na rawa, ya ce, "Ka gaya wa Hedimasta ya yafe mini. Na gaji. Gobe zan sa hannu."

Masinja ya kama hanya. Da ya isa, ya ga Hedimasta ya rame har wuyansa ya yi tsawo, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Yana gaishe ka. Ya ce yana nan daram, ko shekara goma ce."

Hedimasta ya miƙe zumbur, ido ya kawo ruwa, ya ce, "Ka ce masa in ɗan gata irinsa ya jure, ni wane ne da zan karaya? Tare za mu fita ko tare a binne mu." Wannan kam Masinja ya kai shi yadda yake, ko wasali bai taɓa ba. Lauya ya ji, kunya ta rufe shi, ya yaga takardar. Bayan shekara biyu aka sauke tutar baƙi. Daga ranar Masinja ya saka wa ransa cewa ƙaryarsa guda ɗaya ce ta haifi ƙasar nan, kuma wallahi ban ga wanda zai ce masa ba haka ba ne.

Da aka kafa gwamnati, Lauya ya zama Firayim Minista, Hedimasta ya zama mataimakinsa kuma shugaban jam'iyya. Dukansu suka ce Masinja suke so. Aka ba su ofis a bene ɗaya, ɗaya a wannan ƙarshen baranda, ɗaya a wancan, taku arba'in da biyu tsakani. A tsakiya aka ajiye wa Masinja benci ƙarƙashin agogon bango, kusa da jan bokitin yashi na kashe gobara. A saman kansa ƙararrawa biyu. Ta Lauya mai tsini ce, ta Hedimasta kuwa kamar mai mura.

Shekarar farko lafiya lau. Sai aka zo rubuta tsarin mulki, aka iso Sashe na Tara, wanda zai faɗi wa ke da iko da gundumomi. Nan fa aka ja daga.

Lauya ya ce ƙasa jaririya ce, hannu ɗaya ya kamata ya riƙe ta. Gwamnati ɗaya, soja ɗaya, jirgin ƙasa daga iyaka zuwa iyaka, masana'antu, kuma shugaban kowace gunduma daga babban birni za a naɗa shi. In aka sakar wa kowa igiya, in ji shi, kafin shekara biyar za a samu ƙasa ashirin, kowace da tutarta da yunwarta. Hedimasta ya ce sam. Ba a kori ubangida ɗaya don a naɗa wani ba. Manomi ya san gonarsa fiye da duk wani mai tabarau, a bar kowace gunduma ta zaɓi nata, ta yi kuskurenta ta gyara. 'Yancin da sai an aiko maka shi cikin ambulan, in ji shi, ba 'yanci ba ne.

Abin takaicin shi ne, in Masinja ya tsaya a ofishin Lauya sai ya ji gaskiya a nan take, in ya shiga na Hedimasta sai ya ji ashe ga ta can. A gida ma bai tsira ba. Babban ɗansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Lauya kamar ubansa. 'Yarsa malamar makaranta ce, ba a taɓa Hedimasta a gabanta. A zauna cin abinci, sai cokula su koma sandunan nuni.

Wata rana a taron majalisar ministoci, Lauya ya kira Hedimasta sarkin ƙauyawa. Hedimasta ya ce masa sabon gwamna da tsohuwar hula. Shi ke nan, magana ta mutu. Akwai tarho a teburin kowa, amma wa zai fara ɗagawa? Rubutu kuma ba sa yi wa juna, don duk abin da ya shiga fayil, jibi yana jarida. Sai aka koma gidan jiya: a danna ƙararrawa, Masinja ya shigo, a ɗora masa.

Ya kuwa tsara aikinsa tsaf. Taku goman farko, ya zubar da zagi. Ya iso bokitin yashi, ya ɗan tsaya kamar mai gyara takalmi, ya nemo gaisuwa ya liƙa a gaba. Sauran takun, ya yi ta maimaitawa a ransa har maganar ta zauna.

Lauya zai ce, "Ka gaya wa jakin nan ba da allo da alli ake gina ƙasa ba!"

Masinja ya ƙwanƙwasa, ya rusuna. "Ranka ya daɗe, yana gaishe ka. Ya ce ilimi na da muhimmanci, amma a haɗa da gine-gine."

Hedimasta ya ce, "Ka ce masa hular gwamna ta fi ƙarfin kansa, ta rufe masa ido!"

"Yallaɓai, yana amsawa. Ya ce nauyin da ke kanka da yawa, ka riƙa hutawa."

Haka aka yi shekara huɗu. Gwamnati na tafiya, ana buɗe makarantu, ana shimfiɗa layin dogo, kowannensu na ganin ɗan'uwansa ya fara laushi. Matar Masinja kaɗai ta san sirrin, don a gida ma haka yake yi tsakanin yaransa. Ita ta raɗa masa suna Sabulu.

"Sabulu," ta ce masa wata safiya tana goge masa kaki, "kai kullum wanki, kullum wanki. Ran da suka haɗa baki suka gane fa?"

"Su da ba sa magana, ina za su haɗa baki?"

"To ai kai ka hana su. Da ka bar su sun zagi juna sun gaji, da tuni sun shirya."

Ya karɓi rigarsa ya ce ita ba ta san manya ba. Ta ce ta san maza dai.

Ranar da abin ya ɓaci, Talata ce da hantsi. Saura mako biyu a kai Sashe na Tara gaban majalisa. Hedimasta ya aika a tambayi Lauya ko zai yarda a jinkirta, a sake zama. Lauya ya buga tebur har tabarau ya zame, ya ce, "Ka ce masa sai bayan raina! Ko waƙafi ba zan canja ba."

Masinja ya iso bokitin yashi ya tsaya. Ya juya maganar nan, ya sake juyawa. Ba zagi a ciki balle ya zubar, tsabar ƙi ce. Da mai hankali ne da ya kai ta haka. Amma hannu ya saba. Ya shiga ya ce, "Yana gaishe ka. Ya ce a ba shi lokaci, zai duba."

Hedimasta ya yi tsalle kamar yaro. Washegari ya shiga mota ya zaga gundumomi, yana gaya wa jama'a Firayim Minista ya yi alkawarin dakatawa. Aka yi ta tafi. Mako biyu na cika, Lauya ya kai sashen majalisa yadda yake, ya wuce da rinjayen ƙuri'a shida. Hedimasta ya miƙe a zauren, gaban 'yan jarida, ya nuna shi da yatsa ya ce, "Maƙaryaci! Ka aiko mini da alkawari ka karya."

Da yamma ƙararrawa mai tsini ta kaɗa. Lauya ya sa Masinja ya rufe ƙofa.

"Me na ce ka gaya masa ran Talata?"

Masinja ya faɗa.

"Me ka gaya masa?"

Ya faɗa, kansa a ƙasa.

"Tun yaushe kake wannan?"

"An daɗe, yallaɓai."

Lauya ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Masinja ya ajiye hularsa ta aiki a kan tebur, ya ce a sallame shi, ya cancanta. Ya ma fi son haka, don ya ji iska.

"Ɗauki hularka," in ji Lauya. "Ina za ka? Kai kaɗai ne ƙofofin nan biyu ke buɗe wa. Kuma kada ka kuskura ka gaya masa. In ƙasa ta ji masinja ne ke juya gwamnati, ni da shi duk mun zama abin dariya. Ka koma bencinka. Amma daga yau na san abin da kake kawo mini."

Ya koma bencin. Bai taɓa jin barandar nan ta yi masa ƙunci ba sai a kwanakin. Dama ƙofa, hagu ƙofa, sama ƙararrawa, gaba tagar da ba ta buɗuwa. In ya gaya wa Hedimasta gaskiya, ya saɓa wa Lauya, ya kuma nuna wa bawan Allah cewa ya ƙaryata amininsa a bainar jama'a a kan banza. In ya yi shiru, wuta na ci. Kuma tana ci ɗin: gundumomi sun ƙi karɓar shugabannin da aka naɗa musu, ana jifan jiragen ƙasa. Ɗansa ya dawo da rauni a goshi, 'yarsa ta ce shi ya ja, suka daina gaisawa. Masinja ya daina cin abinci sosai, kakinsa ya fara yi masa yawa.

Rana ta tara aka yi arangama a wata tashar jirgi, mutum goma sha ɗaya suka mutu, har da mace mai goyo. Da sassafe aka fara raɗe-raɗin cewa an rubuta takardar tsare Hedimasta, sa hannun Lauya kawai ake jira.

Wajen ƙarfe goma ƙararrawa mai mura ta kaɗa. Masinja ya samu Hedimasta zaune, jaridar a gabansa, ya tsufa a kwana ɗaya.

"Zauna, abokina," ya ce. "Ka saurara da kyau. Ka gaya masa na sauka. Har gobe ina ganin ni ke da gaskiya, amma ba gaskiyar da ta kai ran mutum goma sha ɗaya. Ya riƙe sashensa shekara biyar, bayan nan a tambayi jama'a. Ni da kaina zan zaga in kwantar da mutanena. Ka ce masa tare muka fita, kada mu binne ƙasar tare."

Masinja ya zame daga kujera. Ya durƙusa har ƙasa. "Ranka ya daɗe, don Allah wannan kam ka rubuta. Ko ka taka da kanka, taku arba'in da biyu ne."

"In na rubuta, jibi yana jarida, mutanena su ce na sayar da su kafin in yi musu bayani. In na je, ya ce na zo roƙo don na ji batun takarda. A'a. Kai ka san yadda ake gaya masa magana. Shekara huɗu, ko zagi na ba ka, da amsa mai daɗi kake dawowa. Tashi ka je."

Ya fita. Bai zubar da komai ba, bai tsaya a bokiti ba, ko gaisuwa bai ƙara ba. Ya riƙo maganar nan kamar ƙwarya cike da ruwa. Ya samu Lauya da shugaban 'yan sanda a tsaye gefensa, takarda a kan tebur, alƙalami a buɗe. Ya juye saƙon kalma bayan kalma.

Lauya ya ce, "Maimaita." Ya maimaita.

"Ba hular gwamna a ciki?"

"Babu, yallaɓai."

"Ba azzalumi, ba maƙaryaci?"

"Wallahi babu. Haka ya faɗa."

Lauya ya yi wata dariya marar daɗi. "Wannan ta fi duk na baya kyau. Har da tare muka fita! Ka iya, Masinja. Mutumin da ya zage ni gaban duniya, yau shi ne ya sauka? Wannan bakinka ne, ba nasa ba."

"Yallaɓai, na rantse da wanda raina ke hannunsa. Ka taso mu je, ka ji da kunnenka. Ko ka ɗaga tarhon nan."

Lauya ya dubi tarhon. Jama'a, ya dube shi! Har hannunsa ya motsa. Sai shugaban 'yan sanda ya yi gyaran murya ya ce motoci na jira a ƙasa. Lauya ya ja takardar ya sa hannu, ya ninke ta cikin ambulan, ya miƙa wa Masinja.

"Kai masa. Ya sa hannu a littafinka cewa ya karɓa. Wannan kam ba ta wankuwa."

A bokitin yashi ƙafafunsa suka tsaya da kansu. Ya dubi ambulan, ya dubi yashin. Ya yi tunanin tusa ta ciki. Amma ga 'yan sanda biyu a kan matakala suna kallonsa, kuma ko ya binne wannan, minti biyar ne a buga wata. Ya ƙarasa takun da suka rage.

Hedimasta ya karanta a tsaye. An sauke shi daga muƙamansa, za a tsare shi a wani gida can bakin iyaka har sai abin da hali ya yi. Ya ajiye takardar a hankali.

"Ka gaya masa abin da na ce?"

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

Masinja ya buɗe baki, yana gaishe ka ta taho har kan harshe. Ya haɗiye ta. "Ya ce ƙarya nake yi, ranka ya daɗe."

"Kai? Don me zai ce haka?"

Sai ya kwance masa komai, hawaye na zuba a kan kaki. Jakin da ya zama gaisuwa, sai bayan raina da ta zama zan duba, har ya gangara zuwa tagar ƙarfe ta gidan yari.

Hedimasta ya zauna. "Har ta gidan yari?"

"Har ita."

"Gaisuwar da yake aiko mini kullum fa?"

"Tawa ce."

Ya jawo littafin ya sa hannu, ya rubuta ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata, don shi mutum ne mai son daidai. Ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "To, na gode da gaisuwar. Ka ce masa..." Sai ya girgiza kai. "Bar shi kawai. Ba zai yarda ba."

Masinja ya ƙara shekara bakwai a kan bencin nan. Sau uku yana neman ritaya, Lauya na mayar da takardar. Aka mai da ofishin Hedimasta ɗakin ajiye tsofaffin fayiloli, amma ba wanda ya tuna ya cire ƙararrawarsa, tana nan a sama ta yi ƙura. Bai sake canja ko kalma ɗaya a saƙo ba. In aka ce ya ce wa minista wawa, sai ya je ya ce wawa, har aka fara cewa tsohon ya rikice. Matarsa ta daina kiransa Sabulu, kuma wannan ya fi masa ciwo fiye da tsokanar.

A shekara ta bakwai labari ya zo cewa Hedimasta ya rasu a gidan da ake tsare da shi. Da azahar ƙararrawa mai tsini ta kaɗa. Masinja ya samu Lauya shi kaɗai, furfura ta cinye kansa, hoton ranar 'yanci a kan cinyarsa.

"Rufe ƙofa. Masinja, ni da kai mun tsufa. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah." Ya ɗago kai. "Saƙon ranar nan. Na sauka, shekara biyar, tare muka fita. Kai ka ƙirƙira, ko ba haka ba?"

Ba tambaya ba ce, roƙo ne. Masinja ya gane muryar, ita ce ta tagar ƙarfe. In ya ce Hedimasta ne ya faɗa, ya gaya wa mutumin nan cewa da hannunsa ya kashe amininsa bayan ya miƙo wuya. In ya ce shi ya ƙirƙira, ya ci amanar mamaci, ya goge magana mafi girma da Hedimasta ya taɓa yi a rayuwarsa, wadda ba mai shaidarta a duniya sai shi. Ya dubi ƙofa, a rufe take, kuma shi ya rufe ta. Ba baranda, ba bokiti, ba taku ko ɗaya da zai yi tunani a ciki.

"Ni na ƙirƙira, yallaɓai," ya ce.

Lauya ya saki wani dogon numfashi, ya jingina da kujera, ya lumshe ido. "Na sani," ya ce. "Dama na sani. Allah ya yi maka albarka. Je ka."

Masinja ya fito ya zauna a bencinsa ƙarƙashin agogo, ya ɗora hula a gwiwa. Bai gaya wa kowa ba sai 'yarsa, shekaru bayan haka, yana kwance ciwon ajali, bayan an binne Lauya da bindiga da tuta. Ta ce abin da ya fi maimaitawa shi ne, a shekara bakwai ɗin nan duk gaskiya ya yi ta kai wa Lauya, kuma ranar nan ce kaɗai ya yarda da shi.